Dankalin da Malsun Ba Ta Ci

Litinin, 28 ga Agusta

Yau muka dawo da matata Malsun tsibirinmu, bayan sati bakwai tana jinyar shanyewar ɓarin jiki a asibiti a birnin Tongyeong. Ɓarin dama bai dawo ba. Hannun yana kwance a cinyarta kamar na wani ne aka ba ta ajiya. Magana kuma kalma biyu ce ta rage mata, "a'a" da "bari". Shekara arba'in da shida matar nan tana cika mini kunne, ga abin da aka bar mini.

Wata nas ce ta ba ni littafin nan, ta ce in riƙa rubuta duk abin da ta ci da yawansa. Na ce ni masunci ne da ya koma noma, ban saba da biro ba. Ta ce, "Kaka, cokali za ka ƙirga, ba wasiƙa aka ce ka rubuta wa budurwa ba."

Likita ya ce a rage gishiri sosai, a rage farar shinkafa saboda suga, komai kuma ya yi laushi don haɗiya na ba ta wuya. Ya tambayi abin da muke nomawa. Na ce dankali. Ya ce to ai ga abinci nan a gonarku: a turara shi, kada a gasa, kada a sa sukari ko zuma, a haɗa da awara da kifi da ganye. Nauyinta kilo arba'in da huɗu. In ta sauka ƙasa da arba'in, roba za a zura mata ta hanci.

Da yamma na turara biyu, na dame su da awara da ɗigon man riɗi. Cokali biyu. Na uku ta kau da kai.

Laraba, 30 ga Agusta

Safe cokali uku. Rana babu. Yamma ɗaya, shi ma ta riƙe shi a kumatu sai da na sa yatsa na fito da shi.

Asabar, 2 ga Satumba

Da hannuna na gina kicin ɗin nan, amma ban san inda ludayi yake kwana ba. Robobi sun fi ashirin, babu wadda aka rubuta wa suna. Na turo ta a keken marasa lafiya zuwa bakin ƙofa don ta riƙa ganina. Na taɓa tukunya, a'a. Na taɓa wuƙa, a'a. Ban sani ba ko gyara take mini, ko bakin ne kawai ba ya iya fitar da wani abu.

Hyangmi ta kira daga Busan. Ita kaɗai muka haifa, amma faɗanta na mutum uku ne.

"Baba, na turo maka girki biyar a waya, duk na dankali, duk babu zaƙi. Ka gani?"

"Na ga wasu tururuwa dai a jere."

"Ka sa tabarau mana."

Ƙarshe karanta mini ta yi, na rubuta a bayan kalanda. Na gwada na farko, shinkafa kaɗan da sha'ir da dankali an yanka ƙanana. Ƙasa ya kama, sama ɗanye. Cokali biyu, sauran ni na ci.

Talata, 5 ga Satumba

Miyar daddawar waken suya. Na bi abin da ke kalanda layi-layi: romon busassun ƙananan kifi, dankali, awara, albasa, daddawa rabin cokali kawai saboda gishirinta. Na ɗanɗana, ba laifi. Har na ji wani abu kamar alfahari.

Ta karɓi cokalin farko, ta furzo mini shi a riga.

Na daka mata tsawa. Na ce, "To me kike so? In yanki naman jikina in dafa miki?" Ta dube ni, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na san kallon nan. Shekarar da aka haifi Hyangmi na taɓa kifar da teburin abinci don miya ba ta ji gishiri ba. Haka ta dube ni ranar, sannan ta durƙusa ta tsince kwanuka. Yau ni na durƙusa na goge ƙasa. Ban ba ta haƙuri ba. Na buɗe baki, abin bai fito ba, sai na ce bari in kawo ruwa.

Juma'a, 8 ga Satumba

Na tura ta ƙaramin asibitin tsibiri aka auna. Arba'in da biyu da rabi.

Da na gaya wa Hyangmi ta ce akwai gidan jinya kusa da tashar jirgin ruwa a Tongyeong, ta je ta duba, tsaf yake, har da masu koya wa mutum haɗiya.

"Haɗiya ma sai an koya wa uwarki? Ita ta koya miki."

"Baba, ba faɗa na kira mu yi ba."

"Wanda aka kai irin gidan nan ba ya dawowa da ƙafarsa."

"Mama ai yanzu ma ba da ƙafarta ta dawo ba."

Ta ce in yafe mata, ba haka take nufi ba. Haka take nufi, kuma gaskiya ce. Mun tsaya a kan sai bayan Chuseok, bikin girbi da gaida kakanni, saura sati uku. Na ce mata muddin ina numfashi matata ba za ta kwana ƙarƙashin rufin da ba ta sani ba. Na faɗa da ƙarfi don Malsun ta ji daga ɗaki.

Litinin, 11 ga Satumba

Na hau gona da ta yi barcin rana. Aladun daji sun tone kunya huɗu ta wajen dutse. Na haƙa kunya ɗaya. A da ni nake haƙa, ita tana bina a baya tana karkaɗe ƙasa tana warewa, manya nan, ƙanana can, tana mita a kan na sare wasu da fartanya. Na kai ƙarshen kunya na waiwaya, duk suna zube inda na bar su.

Dankalin bana ya yi kyau, ja sosai, ko tsutsa babu. Ban san wa zan nuna wa ba.

Alhamis, 14 ga Satumba

Iska da ruwa tun jiya, jirgi bai zo ba. Tunda ba fita, na wuni a kicin. Fate da kabewa. Dankali da ƙwai a turare. Wani kuma na dafa shi da naman kifi da citta har ya narke. Na jera mata a ƙananan kwanuka yadda take jera mini. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ta datse baki, ta ce, "Bari."

Duk abin da ta ƙi ni nake cinyewa, don ban iya zubar da abinci ba. Yau na matsa da bel ɗina rami ɗaya gaba. Ita tana ƙarewa, ni ina ƙiba. Wanda ya gan mu zai ce cinye mata nake yi.

Lahadi, 17 ga Satumba

Na yi mata wanka. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Zoben aurenta ya zame ya faɗa cikin baho, na ajiye a kofin shayi.

Wani tunani ya zo mini ina goge mata baya: ko da gangan take yi. Ko ta gaji ne, tana so ta tafi, ni kuma na tsaya mata a hanya da cokali.

Laraba, 20 ga Satumba

Yaya Dusun, yayar Malsun, ta zo a jirgin safe da sandarta da ƙullin magungunanta. Shekara saba'in da tara, bakin bai tsufa ba. Tun ranar aurenmu ba ta taɓa ganin abin yabo a jikina ba.

Ta rungume ƙanwarta suka yi kukansu. Daga nan ta wuce kicin ta buɗe firij.

"Wannan fa?"

"Faten dankali da awara."

"Wannan?"

"Dankali a miyar daddawa."

"Wannan kuma dankalin ne ya sake riga?"

Ta rufe firij, ta ja kujera ta zauna. "Baban Hyangmi, sati uku abin da kake ɗura mata ke nan?"

"Likita ne ya ce."

"Likita ne ya aure ta? Kai nake tambaya. Malsun ba ta cin dankali."

Dariya na yi. Na ce matar da ta dasa shi, ta haƙa, ta shanya, ta dafa kusan kullum tun kafin gashina ya yi fari?

"Ta dafa maka. Ka taɓa ganin ta kai baki?"

Na tsaya. Ta ce shekarar da teku ta ci babansu, Malsun tana da shekara shida. Daga kaka har sha'ir ya nuna babu abin da ya shiga cikinsu sai busasshen dankalin da aka yanka aka shanya a kan duwatsu, rabinsa ya yi funfuna. Safe kununsa, yamma kununsa. Manya suka jure. Ita ta yi ta amai, uwarsu tana riƙe mata hanci tana ɗura mata, don in ba ta ci ba mutuwa za ta yi. Tun daga nan ko ƙamshin zaƙinsa ta ji sai zuciyarta ta tashi.

Na ce ba ta taɓa gaya mini ba.

"Ka taɓa tambaya? Kai dai a ajiye maka tebur, ka kifa kai kamar sa a kan dusa, ka tashi ka ce gishiri bai ji ba."

"To me take ci?"

"Abin da kake jefa wa awaki. Karan ganyen dankalin. Da kifi da barkono, a tsaye a kicin, bayan kai ka ƙoshi."

Na juya wajen Malsun. Tana bakin ƙofa a kekenta, ta ji komai. Na ce, "Maman Hyangmi, haka ne?"

Ba ta ce a'a ba.

Yaya ta sa na ciro karan ganye cike da kwando. Ta jiƙa su a ruwan gishiri, ta nuna mini yadda ake karya kan a ja fatar ƙasa siririya. Nawa sai tsinkewa suke. "A hankali, ba igiyar taru kake ja ba. Hannu kamar kofato." Ta koma a jirgin yamma, ƙafarta ba ta barin ta kwana a ƙasa.

Alhamis, 21 ga Satumba

Na wuni ina ƙoƙarin tuno Malsun tana cin abinci. Ina ganin bayanta a kicin, ina ganin hannunta yana ajiye mini kwano. Bakinta yana tauna, ban samu ba ko sau ɗaya.

Asabar, 23 ga Satumba

Awa biyu ina ɓare kara, yatsuna sun yi baƙi ƙirin, sabulu bai fitar ba. Na tafasa su, na yanka ƙanana sosai, na shimfiɗa a ƙasan tukunya, na ɗora kifin da na samu a bakin ruwa da safe. Na ɗauko tafarnuwa, sai na ji ƙwas. Malsun ce ta buga cokali a hannun kekenta da hagu. Na ƙara ɗaya. Ƙwas. Na ƙara. Shiru. Na ɗauko garin barkono, ƙwas, ƙwas. Na kai hannu zan buɗe murfi, ta ce, "Bari." Na bari. Sai da romon ya kusa tsotsewa ta sake bugawa.

Ashe duk "a'a" ɗin nan magana ce.

Na zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya da tabarau. Cokali tara. Tara. Ta yi tari sau biyu a tsakiya, na ba ta ruwa, ta sake buɗe baki da kanta. Na fita waje wai zan duba awaki, na daɗe a can.

Talata, 26 ga Satumba

Jiya cokali sha ɗaya, karan da garin riɗi. Yau takwas. Amma ma'auni ya ce arba'in da ɗaya. Na ce wa nas ɗin tsibiri ma'auninsu ya lalace. Ta hau da kanta ta nuna mini lafiyarsa lau. Ta tambaya tun yaushe take wannan tarin. Na ce barkono ne.

Alhamis, 28 ga Satumba

Gobe biki. Ban taɓa sanin teburin abincin da ake jera wa kakannin da suka rasu aikin kwana biyu ba ne. Ni dai nakan sa riga mai kyau in zuba giya in durƙusa. Yau ni ne a gaban kasko, ita tana buga cokali. Dankali yanka faɗi-faɗi, a tsoma a ruwan fulawa, mai kaɗan. Marigayi mahaifina yana son sa, dole a ajiye masa. Taliyar garin dankali da alayyafo da naman kaza. Karan ganye kala biyu, na kakanni babu tafarnuwa babu barkono, nata da su. Na ƙone farkon kasko, ta yi wani sauti ta hanci. Ina jin dariya ce.

Juma'a, 29 ga Satumba

Hyangmi da mijinta Taesu sun iso tun jiya da yamma. Da ta ga teburin da safe ta ce, "Wa ya zo ya yi maka?" Na nuna mata yatsuna. Ta ɗauki karan ta ɗanɗana, ta juya mini baya ta tsaya gaban famfo.

Mun gaida kakanni. Na turo keken Malsun kusa, tunda ba ta iya durƙusawa. Sannan muka zauna ci, mu huɗu, ita ma a tebur. Ina so Hyangmi ta gani da idonta. Wannan shi ne gaskiyar magana, ina so ta gani. Na ce, "Duba yadda uwarki take ci yanzu." Na cika cokali fiye da yadda na saba. Na bi shi da wani tun ba ta gama da na farko ba.

Ta ƙware. Babu tari ma, shiru kawai, ido a waje, leɓe ya fara canza launi. Na tsaya da cokali a hannu kamar gunki. Taesu ne ya zagaya ya ɗaga ta ta baya ya matsa cikinta har abin ya fito. Ta yi ta tari, hawaye na zuba. Hyangmi ta riƙe kanta tana cewa, "Mama, yi numfashi, Mama."

Ba wanda ya ce mini komai. Da ma sun zage ni. Taesu ya kwashe kwanukan, ya rufe sauran abincin da kyau ya sa a firij.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Malsun ta wayi gari jiya da zazzaɓi, ƙirjinta yana kurari. Muka sa ta a jirgin farko.

Ciwon huhu. Likitan ya nuna mana hoton, ya ce ba na ranar biki kaɗai ba ne. Abinci ya daɗe yana bin hanyar iska kaɗan-kaɗan, tarin nan da take yi alamarsa ke nan. Ya tambayi me take ci kwanan nan. Na faɗa masa. Ya ce karan ganye yana da zare, ko an yanka ƙanana yana da wuyar haɗiya ga mai irin ciwonta. Bai faɗa da faɗa ba. Har ya ce na yi ƙoƙari.

Cokali tara ɗin da na yi ta murna. Na buɗe shafin na duba, na rubuta shi har sau biyu.

Laraba, 4 ga Oktoba

An sa robar. Talatin da tara da rabi. In zazzaɓi ya sauka, gidan jinyar za a wuce da ita. Hyangmi ta miƙo takardar ta ce ita za ta sa hannu in ba zan iya ba. Na ce mijin Malsun yana da rai. Na sa.

Malsun tana kallon silin. Na ce, "Maman Hyangmi, na kwana biyu ne, ki warke mu koma." Ba ta juyo ba. Ta ji ni ranar da na ɗaga murya a waya, na tabbata ta ji.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Babu abin ƙirgawa, ban san me ya sa nake buɗe littafin ba.

Maƙwabta sun taya ni haƙe gonar. An cika rumbu. Ban kunna wuta ba tun da na dawo, taliyar leda nake jiƙawa da ruwan zafi. Abincin biki yana firij har yanzu, ya fara wari, na kasa taɓawa.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Yaya Dusun ta kira. Na zaci zagi ne, na shirya.

"Ka ciri karan kafin sanyi ya ƙone ganyen?"

Na ce me zan yi da shi, shi ya kusa kashe ta.

"Kai dai ba ka da dama. Cire, tafasa, shanya. In ba ta ci ba ni zan ci." Ta kashe wayar.

Na cira. Ban da wani aikin.

Asabar, 21 ga Oktoba

Gidan jinyar. Ɗaki mai gado huɗu, taga na kallon tashar jirgi. Tsofaffi mata uku, akwai wata mai ƙaton murya, Madam Pyo, ƙugunta ne ya karye, bakinta ba abin da ya same shi. Ina shiga ta ce, "Wannan ne mai gidan? Ai na zaci dogo ne."

An yanke wa Malsun gashi gajere. Ban so ba. Wata matashiyar ma'aikaciya tana zuwa kullum tana shafa mata maƙogwaro da wani abu mai sanyi, tana sa ta haɗiyi abu mai kauri rabin ƙaramin cokali, haɓa a sunkuye. Ni kai nake ɗaga mata sama in zan ba ta. Wata guda ina ɗaga mata kai. Ba wanda ya gaya mini, ko kuma an gaya mini ranar sallama ban saurara ba.

An hana kawo abinci daga gida. Na tare likitan a baranda na tambaye shi yaushe za ta koma. Ya ce mu ga yadda hali zai yi.

Asabar, 28 ga Oktoba

Na sake tambayar likita. Mu ga yadda hali zai yi.

Malsun ta yi barci duk zamana. Na zauna awa uku na kalli jirage.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Arba'in da ɗaya, ta robar. Ta sami sabuwar kalma, "ke". Da ita take kiran matan ɗakin. Ni ma "ke" ta ce mini, ɗakin ya ɗauki dariya. Na tambayi likita. Amsar ba ta canza ba.

A jirgin dawowa na ga mutum da matarsa suna faɗa a kan lemo. Na koma wancan gefen na zauna.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Hyangmi ta kira, an cire robar jiya. Za a gwada abinci markaɗaɗɗe. Ta roƙi matashiyar nan, an yarda in kawo na gida in an markaɗa shi sumul an tace, kuma ita za ta ba ta, ba ni ba.

Na wanke firij. Na jiƙa busasshen karan. Injin markaɗen Malsun yana can sama bayan robobi, sai da na kira Yaya ta gaya mini inda ake dannawa. Na dafa da kifi har ya narke, na markaɗa, na tace sau uku a rariya. Ruwa ya yi yawa. Yaya ta ce in sa dankali kaɗan ya kama jikinsa, in daddawa da tafarnuwa sun rufe zaƙin ba za ta ji ba. Na ce a'a, na yaudare ta da shi ya isa. Na sa awara.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Kalarsa ba kyau, kamar laka. Matashiyar ta ɗiba ta juya cokalin ta ga kaurinsa, ta ce ya yi. Na tsaya a ƙarshen gado, hannuna a baya. Cokali biyar, ƙanana, babu tari. Ba ni na ƙirga ba, Madam Pyo ce take ƙirgawa da ƙarfi.

Na kawo wani kwano daban wanda ba a markaɗa ba, da soyayyen dankali na matan ɗakin. Madam Pyo ta ci ta ce, "Tsoho, in matarka ta gaji da kai ka zo, ƙuguna ya kusa warkewa." Malsun ta ɗaga cokali ta nuna ta da shi ta ce, "Ke. Bari." Suka yi ta dariya, har da ita, baki a karkace, kafaɗa na rawa. Rabon da in ga ta yi irin wannan dariyar, ba tun ciwon ba, tun kafin nan da daɗewa. A gida ba ta da wanda za ta yi da shi. Ni ne kawai, da awaki.

Na dawo gidan ya yi sanyi. Na kunna wuta na ɗumama sauran.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Arba'in da uku. Cokali bakwai.

Na kai mata kayan sanyi, safa da rigar ulu da bargonta na gida. Na sa rigarta mai furanni ta bazara a ciki, jakar ce da sauran wuri. Na bar mata zoben a aljihun gefe.

Da zan fita likita ya gan ni a baranda, ya rage tafiya, ya tsaya da takardunsa yana jiran tambayar da na saba yi masa. Na gaishe shi. Na tambaye shi ko za a iya ƙara mata barkono kaɗan, don na ga ta yamutsa fuska a na yau. Ya ce kaɗan dai. Ya ɗan ƙara tsayawa. Na ce masa jirgi zai tashi, na wuce.